Hannun Abdulbaƙi a Aljihu

Kuna nan ranar. Kada wani ya ce mini yana kasuwar Arzèkè. Kuna zaune a teburin mai shayi na unguwar Kpébié, kun ga komai, kuka sunkuyar da kai kan wayoyinku.

Abdulbaƙi mahauci ya dawo daga aiki da azahar, wuƙarsa cikin kube a ƙugu kamar kullum, ya tarar kamiyo, babbar motar doya, ya toshe masa ƙofar gida, ko babur ba zai shiga ba. Ba ranar aka fara ba. 'Yarsa Munira tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji yana yi wa mai motar magana.

"Mansour, gidan nan nawa ne. Ja motarka gaba."

"Gida naka, hanya ta kowa, Baba. Ko ita ma yanka ta za ka yi ka rataye?"

Masu shan shayi suka yi dariya. Abdulbaƙi ya bugi jikin motar da tafin hannu. Mansour ya dubi ƙugunsa, ya ciro waya, ya kira 'yan sanda, ya ce da Faransanci wani mai wuƙa zai kashe shi.

'Yan sanda biyu suka iso a kan babur. Ƙaramin cikinsu tun kafin ya sauka hannunsa yana kan bindiga.

Munira ta san abin da babanta zai yi. Shi ɗan garin Djougou ne, jikan fataken goro. A gidansu ba a fara magana da wanda ya tsaya a ƙofa, ko da rigima ya zo, sai an miƙa masa goro. Goron kuwa yana aljihun gefe, dab da kuben.

"Sannunku da zuwa," in ji Abdulbaƙi, ya zura hannu.

"Bouge pas!" ƙaramin ɗan sandan ya daka masa tsawa da Faransanci, wai kada ya motsa.

Bindiga ta fito, bakinta daidai ƙirjinsa.

"Baba, kada ka motsa," Munira ta ce a hankali.

"Goro ne fa, Munira."

"Na sani. Shi bai sani ba. Bar hannun inda yake."

Ta ɗaga hannuwanta, ta tako. Ta dubi babban ɗan sandan, ta ce masa da Faransanci ita za ta kwance wuƙar. Ya gyaɗa kai. Igiyar kuben ta yi maiƙo, ƙullin ya ƙi kwancewa, tana jin numfashin babanta a kan goshinta. Da ƙyar kuben ya faɗi ƙasa. Ta kama wuyan hannunsa ta ciro shi. Goro ne fari, ya jiƙe da gumi.

Babban ɗan sandan ya juya wajen masu shan shayi. "Ya zare wa mai motar wuƙa, ko bai zare ba?"

"Ya zare," in ji Mansour.

Munira ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da ke cin naman babanta ne. Chaibou tela, maƙwabcinsu na jikin katanga, ya tashi wai zai yi alwala. Ita kaɗai ta ce bai zare ba, aka ce maganarta ta 'ya ce, ba ta shaida ba. Aka ɗora tsohon a tsakiyar babur aka tafi da shi.

Har yanzu yana komisariya, a hannun 'yan sanda, kuma maganar Mansour kaɗai aka ji. Kai da ke teburin nan ranar, ka sa takalminka, ka je can ka faɗi abin da idonka ya gani. Yau, ba gobe ba.