Siriyas Ne?

Ina riƙe da kan Maikuɗi a gindin rumbunsa, matarsa Fati tana shafa masa ruwa a fuska, lokacin da kiran da na yi wa ɗansu ya shiga. Yana cikin miƙa damin hatsi ne ya yanke jiki ya faɗi. Darni kawai ya raba gidana da nasa, ihun Fati ya sa na tsallako.

"Zakariyya, Sanda ne. Babanka ya faɗi. Ka taho gida."

Zakariyya ɗansu ne na fari, yana gyaran salula a Katsina. Tun da ya koma can bakinsa ya cika da Ingilishi.

"Baba Sanda, siriyas ne?"

"Mene ne kuma haka?"

"Ina nufin da gaske ne? Ko in ce, ya yi tsanani?"

"Wanne kake tambaya a ciki? Da gaske ne, ga shi a hannuna. Maganar tsanani kuwa, ni ba majon asibiti ba ne."

Na san abin da ya sa yake tambaya. Duk garinmu Cadawa an san Maikuɗi da barkwanci. Bara ma ya kira yaron ya ce yana gargarar mutuwa. Zakariyya ya rufe shago ya taho a gigice, ya iske shi a kasuwa yana cin tsire. Wai kewarsa ce ta dame shi.

Maikuɗi ya buɗe ido, ya miƙo hannu ya karɓi salular.

"Kai, kada ka ji ta Sanda. Rumbu ne ya kayar da ni, gobe zan rama."

Na jiyo dariyar Zakariyya. "Wallahi Baba ba ka siriyas," ya ce, ya katse.

Ɗazu kalmar ciwo take nufi, yanzu kuma ta koma halin mutum. Raina ya ɓaci.

"Don me ka yi haka, Maikuɗi?"

"Yana da aiki, Sanda. A bar shi."

Yana maganar bakinsa ya karkace gefe, hannunsa na hagu yana reto kamar ba nasa ba.

Muka sa shi a amalanke zuwa likita. Majo ya auna jininsa, ya dube ni ya ce a wuce da shi Maraɗi yau yau. Maikuɗi ya tambaye shi ko furar Maraɗi ta fi ta Fati. Majo bai yi dariya ba. Maikuɗi ya ce shi kam ba inda za shi sai hatsinsa ya shiga rumbu.

Na sake kiran Zakariyya, na ba majo ya yi masa bayani da bakinsa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Majo, tsakaninka da Allah, ba Baba ne ya haɗa baki da ku ba?" Daga baya ya ce zai zo ranar Juma'a. Na karɓi salular zan zazzage masa, na iske ya riga ya kashe.

Washegari da safe Fati ta shigo gidana ko sallama babu.

"Malam Sanda, maigidan ya yi shiru. Na ce masa kunun ba gishiri, bai ce komai ba."

Shirun nan shi ya firgita ta fiye da faɗuwar. Na nemo mota, muka ɗauke shi, ba shi da bakin musu kuma. Ba mu kai Maraɗi ba. Fati ce ta shafa masa ido, ta ce wa direba ya juya.

Muna dawowa daga maƙabarta bayan la'asar sai ga ɗan kabu-kabu ya sauke Zakariyya, bai jira Juma'ar ba. Ya dubi jama'ar, ya dubi ƙasar da ke jikin rigata.

"Baba Sanda, me ya sa ba ku gaya mini siriyas ne ba?"

"Da Hausa na gaya maka," na ce. Na kama shi na shigar da shi gida.

A tsakar gida akwai ayar da Fati ta shanya a tabarma tun kafin abin ya faru. Awaki sun zagaye ta suna ci. Fati tana zaune a bakin ɗaki, Zakariyya ya durƙusa kusa da ita, dukansu suna kallo, ba wanda ya kore su.