Karen Masana'antar Fenti

Shekara ashirin Lauya ya yi yana aikin jarida kafin ya karanta shari'a, kuma bai taɓa buga zargi a kan mutum ba sai ya zauna gabansa ya ji ta bakinsa. Saboda wannan ɗabi'a an kore shi daga ofisoshi da dama, sau ɗaya ma an sheƙa masa ruwan wanke-wanke daga saman bene. Da furfura ta fara leƙowa ya koma rubuta littattafai, amma hali zanen dutse.

Littafin da ke hannunsa a kan wata masana'antar fenti ne, wadda ta yi shekara goma sha ɗaya tana zubar da dagwalonta a magudanar bayan unguwa har rijiyoyi suka lalace. Duk shekara jami'in duba tsafta yakan ba da takarda cewa komai lafiya. Takarda goma sha ɗaya Lauya ya tono, dukkansu da sa hannu iri ɗaya mai doguwar jela. Ya san jelar nan. Ita ce a ƙasan sakamakon jarrabawarsa tun daga aji ɗaya, domin Kawu ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa.

Edita ya ce ranar Alhamis za a kai littafin maɗaba'a. Ranar Talata da hantsi Lauya ya shiga falon Kawu, ya gaishe shi a durƙushe, sannan ya ajiye rakoda a kan tebur kusa da kwalbar maganin hawan jini.

"Yau kuma ni aka zo kamawa?" in ji Kawu.

"Kawu, tambaya ce kawai. Wa ya ba ka cin hanci, masu masana'antar ko wani?"

Tsohon ya kalli fanka, ya gyara zama, ya ce, "Su ne. Rubuta su ne."

Lauya ya yi shekaru yana jin mutane na musun laifi, amma bai taɓa ganin wanda ya amsa da sauri haka ba. Ya tambayi wa ya miƙa, Kawu ya ce wani dogo. A ina? A mota. Wace iri? Kawu ya ce ja, can kuma ya ce fara.

Inna, matar Kawu, ta leƙo daga kicin da wuƙa a hannu. "Cin hancin me? Mu da muka yi shekara tara muna tara ruwan sama a roba a tsakiyar falon nan? Faɗa masa zancen karen."

"Ke, wa ya sa bakinki?"

"Wane kare?" in ji Lauya.

Da kyar maganar ta fito. Ashe ranar da Kawu ya fara zuwa dubawa, wani kare ya taso masa daga bakin ƙofar masana'antar, ya bi shi har titi, takalminsa ɗaya ya faɗa kwata a gaban 'yan mata masu jiran mota. Tun daga ranar bai sake tsallaka titin ba. Duk shekara sai ya zauna a rumfar mai gyaran rediyo da ke daura da ƙofar, ya hango ginin, ya ga fentinsa fes, ya ɗora takardar a gwiwa ya sa hannu.

"Shekara goma sha ɗaya, Kawu?"

"Karen ya yi tsawon rai, ni na ba shi?" Sai ya matso, ya rage murya. "Ɗana, ni na saya maka biron farko. Ka rubuta na ci hanci. Duk abokan aikinmu da aka ce sun ci, har yau ana gaishe su da girma, ana cewa sun san duniya. In ka rubuta kare, da wane ido zan zauna a majalisa? Jikokina ma haushi za su riƙa yi mini."

Lauya ya kashe rakodar. Ɗan jaridan da ke cikinsa ya ce gaskiya ita ce kare. Lauyan da ke cikinsa kuma ya ce in ka rubuta hanci, ka yi wa masu masana'antar ƙazafin abin da ba su yi ba, ga nasu laifin ya ishe su, kuma da wannan ƙaryar guda za su rushe littafin duka a kotu. Shi kuwa marayan da Kawu ya goya a kan keke zuwa makaranta, so yake kawai ya rufa wa tsohon asiri. Abin da ya fi damunsa shi ne, wanda ya sha ruwan rijiyar nan, ina ruwansa da hanci ne ko kare?

Wannan tambayar ya yi wa Kawu. Tsohon ya daɗe yana murza murfin kwalbar magani.

"Na san rijiyoyin," ya ce. "Ba na bi ta layin. Tun da na yi ritaya nake zagayewa."

"Kare zan rubuta, Kawu. Amma duk abin da ka faɗa zan sa shi yadda ka faɗa, ba ragi."

"To kunna abin naka." Kawu ya yi gyaran murya, ya dubi rakodar kamar alƙali. "Ni ne na sa hannu ban shiga ba. Na cuci mutanen unguwar, su yafe mini. Amma mai karatu ya sani, karen nan ya kai ɗan maraƙi."

"Ƙafarsa uku," in ji Inna daga kicin. "Ranar da na kai wa kawunka tabaraunsa da ya manta, hannuna karen ya lasa."

"Ba da ke ake hira ba!"

Kawu ya juyo ya zuba wa Lauya ido, shi kuma ya shiga lissafi. Karen dole ne ya shiga littafi, domin shi ne dalilin da ba a duba magudanar ba. Amma ko da ƙafa uku ya yi gudu ko da huɗu, ruwan da ya lalace ya lalace.

"Inna ba ta gaban rakoda," ya ce. "Ba zan ƙirga masa ƙafafu ba."

Kawu ya sauke ajiyar zuciya kamar wanda kotu ta sallama. Ya rako shi har bakin ƙofa yana dogara sanda, ya riƙe masa hannun riga.

"Idan ya fito ka kawo mini guda biyu. Ɗaya nawa, ɗayan kuma ka raka ni layin nan in kai musu da hannuna." Ya leƙa titi. "Ka fara zuwa ka duba mini ko suna kiwon wani abu."