Fuskar Kwalin Sabulu

Loretta Wisniewski ta tsaya cak a gaban tagar ɗakin nunin zane, riƙe da jakar cefane. Bango guda cike yake da fuskarta, wata ja, wata shuɗiya, layi bisa layi, kowacce da haƙora farare tas.

Tana budurwa wani kamfani ya ɗauki hotonta ya buga a kwalin garin sabulu. Tun daga lokacin babu kantin da fuskar ba ta shiga ba, alhali mai ita tana nan Brooklyn tana guga a shagon wanki, har furfura ta fara fito mata.

Ta tura ƙofa. Wani dogon mutum, takalmansa duk fenti, ya taso.

"Baiwar Allah, sai gobe za a buɗe."

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Vernon Tillery." Ya gyara tsayuwa. "Kin ga, yanzu komai inji ke zubowa, dubbai, iri ɗaya. Shi ya sa ni ma na buga ta yadda ake buga kwali. Ai wannan ba mutum ba ce, kaya ce."

"To, ga kayan sun zo da ƙafarsu."

Ya dube ta, ya dubi bangon. Kunnuwansa suka yi jajir.

"Wallahi ban taɓa tunanin... Yau zan sauke su."

Har ta buɗe baki za ta ce ya sauke, sai ta ƙara duban yarinyar da ke bangon. Ba ta ji haushinta ba.

"Bar ta, ta saba da kallo. Amma ni za ka zana. Guda ɗaya, da hannunka."

"Rabona da zana mai rai tun ina makaranta."

"Sai ka tuna. Lahadi nake hutu."

Ranar Lahadi ya hawo benenta da takarda da gawayin zane. Ta zauna gefen taga da rigar zaman gida. Ya zana, ya goge, ya sake, har shayin da ta zuba masa ya huce. Da ya juyo mata takardar, ta ƙura mata ido. Ga tattarar goshi, ga kumburin ƙasan ido.

"Ka karkatar min da hanci."

"Bari in gyara."

Ta dafe takardar.

"Kul ka taɓa. Haka na mahaifiyata yake."