Yatsan da Malama Rhoda Ta Lasa

Shekara talatin da huɗu Mordecai kafinta da matarsa Malama Rhoda suna zaune a Samaru, ba su taɓa rabuwa na sati guda ba. Sai ga annobar korona, sai kuma ga zaɓen cike gurbi, aka nemi malaman firamare su yi aiki a rumfunan zaɓe. Rhoda ta ba da sunanta, aka tura ta Sabon Gari.

Shi Mordecai asma gare shi, ga kaifin harshe. Da ta gaya masa, ko ɗago kai bai yi daga katakon da yake gogewa ba.

"Maman Julius, ke yarinya ce? Coci ma an hana mu cika, ke za ki je ki zauna cikin taro? To ki ji da kyau. In kika kwaso ciwon nan, kada ki shigo mini gida da shi."

Ranar Asabar ta ɗaura takunkumi ta tafi.

Gaskiya ta kiyaye. Wuni guda takunkumin bai sauka ba, tana wanke hannu, tana tsawata wa masu layi su ba juna tazara kamar 'yan ajinta. Sai da la'asar aka juye akwati za a ƙirga. Damina ce, takardun ƙuri'a sun yi laushi sun manne da juna. Ita kuwa shekara talatin tana duba littattafan yara, hannunta ya saba. Ta ja takunkumi ƙasa, ta lashi yatsa, ta ɗaga ƙuri'a ta nuna wa jama'a. Ta sake lasa, ta sake ɗagawa. Ta haura ɗari biyu kafin Obi, abokin aikinta, ya taɓa tebur.

"Madam, kin san hannu nawa suka taɓa takardun nan?"

Nan take ta mayar da takunkumin. Ta tuna wani dattijo da ya yi ta tari a layi, ya riƙe ƙuri'arsa da leɓe yana gyara hula.

Ba ta koma Samaru ba. Ta wuce gidan ƙanwarta Bibiana a nan Sabon Gari, ta shiga ɗakin baya ta rufe, ta kira mijinta ta faɗa masa komai.

"To, ai na faɗa," in ji shi, ya kashe waya.

Faɗa da baki ba wuya. Amma gida ya yi masa faɗi. Da safe babu ƙarar tsintsiya, babu waƙar coci da take rerawa ƙasa-ƙasa tana shara, wadda kullum yake cewa tana hana shi barci. Silifas ɗinta na bakin ƙofa, ya kasa kawar da su. Maƙwabta suka aiko da tuwo da miyar kuka, ya kai loma biyu ya rufe. Sau uku yana ɗaukar waya yana ajiyewa, don bai saba neman sulhu ba.

Rana ta shida Bibiana ta kira. Zazzaɓi ya kama Rhoda, ko warin daddawa ba ta ji. Ma'aikatan lafiya sun gwada ta, cutar ce. Sun ce tunda numfashinta lafiya, ta ci gaba da zama a ɗakin, za su riƙa zuwa.

Ya rufe shago ya tari keken haya.

Tagar ɗakin tana kallon lungu, akwai kwata a tsakani. Bibiana ta tare shi, hannu a ƙugu.

"Yaya, daga kwatar nan ba ka ƙara taku ɗaya. Ƙirjinka ba na wasa ba ne."

Labule ya motsa. Rhoda ce, ta rame, idanu sun faɗa, takunkumi ya rufe sauran fuskar.

"Baban Julius, me ya fito da kai?"

"Wa ya ce ki lashe takardar gwamnati? Abinci ya ƙare a gidana?"

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Ya miƙa ƙafa zai tsallaka, Bibiana ta daka masa tsawa, ya janye. Ya tsaya hannuwa a baya har tarin ya lafa.

"Ka ce kada in shigo maka gida da shi," in ji ta. "Ga shi ban shigo ba."

Ya matso bakin kwatar, ya ce:

"Wannan magana bakina ne ya yi ta, ba ni ba. Gidan ma ba ya zaunuwa. Kwana nawa suka ce?"

"Goma, in Allah ya yarda."

"Goma." Ya juya ga Bibiana. "Miƙo mini benci."

"Yaya, hadari fa ya haɗu."

"Na gani. Ki haɗo da lema."

Ya zauna a ƙetaren kwatar, ita ta jingina kai da ƙarfen taga, ya shiga ba ta labarin kajinta, wadda ta yi ƙwai da wadda ta ƙi.