Jiran Bushin na Asali

Ko ƙarshen layinmu ba mu kai ba Don Argemiro ya ce a tsaya. Bai yi ihu ba, da ihun ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Leɓensa kawai ya ciza har jini ya fito, gumi ya keto masa a goshi. Na bubbuga rufin jif ɗin, 'yarsa Yolima ta taka birki.

"Baba, yanzu fa muka tashi," ta ce.

"Bayana zai rabe biyu. Ku mayar da ni."

Muka mayar da shi. Mu huɗu muka kama gefen katifar da yake kwance a kai, muka shigar da shi ɗaki, yana numfashi ta haƙora.

Shekara talatin da huɗu gidan Don Argemiro yana manne da garejina. Shi direba, ni bakanike, kuma ban taɓa gyara masa mota ya ce ta yi ba. Ciwon da ya kama shi ya ci ƙashin bayansa, likitocin birnin Armenia suka ce a kai shi gida. To shi wannan gidan na cikin gari bai taɓa ɗaukarsa gida ba. Gidansa gonar kofi ce a saman dutse, La Cristalina, inda aka haife shi, tafiyar awa biyu da rabi a hanyar da alfadari ma sai ya yi tunani. Can yake so ya cika, kuma ya faɗa wa kowa, har fadan coci da ya zo yi masa addu'a.

Ina fitowa daga ɗakin na san laifin waye. Bara, da Yolima ta karɓi tuƙi daga hannunsa, ta gaji da sauya bushin sifirin, robar nan da ke tsakanin sifirin da jikin mota, duk wata shida. Ni da bakina na ce ta sa jajayen nan na kasuwa masu tauri, waɗanda ba sa cinyewa. Ba su cinye ba kuwa. Amma duk abin da taya ta taka sai ya iso ƙashin wanda ke ciki, ba ragi. Buhun kofi ba ya kuka, shi ya sa ba wanda ya damu. Tsohon tun ranar ya ce na mayar masa da mota amalanke, na ce tsufa ke damunsa.

Yolima ta same ni a gareji da kwali a hannu. Har ta je shagon Wilmar da ke bakin kasuwa ta sayo baƙaƙe, su ma na kasuwa, marasa suna. Ta ce in sa su yau, gobe Talata da safe mu tashi. Na ɗauki ɗaya na danna da farce, ko alama bai yi ba. Na shinshina, warin ƙonanniyar leda. Na ce mata waɗannan da jajayen duk kanwar ja ce, kuma na taɓa ganin irinsu sun fashe a hawan dutsen Alto da kaya a kai. Na asali, na kamfanin motar, robarsu laushi gare ta, tana shanye jijjiga. Amma sai an aiko daga birnin Pereira, a motar Alhamis.

"Alhamis? Don Libardo, ka gan shi kuwa?"

"Na gan shi."

"To ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sa abin da ke akwai."

Na ce ba zan sa ba. Ta ce akwai wasu makanikai a garin. Na ce ta je, ƙofa a buɗe take. Haka nake, bakina ya fi hankalina sauri, kuma yarinyar nan a kan cinyata ta koyi riƙe sifana.

Nas ɗin da ke zuwa yi masa allura ce ta ƙara dagula abin. Da muka tambaye ta a tsakar gida, ta ce ita ba Allah ba ce, amma ba za ta yi wa kowa alkawarin Alhamis ba. Ƙarin allurar da zai sa ya jure hanya kuwa, ta ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Ashe tsohon yana jin mu ta taga. Ya sa aka kira ni, ya ce a miƙo masa baƙin bushin ɗin. Ya jujjuya shi a hannu, ya sake shi ya faɗi a kan siminti, ya yi ƙara kamar dutse.

"Libardo, kai ka ɓata mini mota. Faɗa mini gaskiya sau ɗaya a rayuwarka. Da wannan zan kai?"

"Ba za ka kai gadar bayan gari ba."

"Da na asalin fa?"

"Za ka kai, in ka jira."

"In na jira," ya ce, ya yi 'yar dariya da ta koma tari.

Yolima ta fita. Na buga waya Pereira.

Talata ya sha ruwan mazarƙwaila rabin kofi. Laraba cokali uku. Ni kuwa na ɗaga motar a kan jak na cire jajayen, na goge ramukansu, na sake gogewa, don ba ni da wani aikin da hannuna zai iya yi. Yolima ta daina gaishe ni. Tana wucewa ta ƙofar gareji, ta kalli motar a rataye ba taya, ta kalle ni. Na gane kallon. Yanzu ko ta sauya shawara, motar ba ta tashi. Tsoro ya kama ni, wallahi, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar da birki ya tsinke mana a gangaren Río Azul.

Alhamis tun ƙarfe goma ina tasha. Sha biyu ta yi, biyu ta yi. Sai ga labari, ƙasa ta zaftare ta rufe hanya saboda ruwan da aka yi, mota sai gobe. Na dawo a hankali, ƙafata ba ta son layinmu. Yolima na zaune a dakali. Na faɗa mata. Ta ce tun safe bai gane ƙanwarsa ba, ya kira ta da sunan mahaifiyarsu.

"In ya mutu a ɗakin nan, Don Libardo, kai ne."

Ban musa ba. Na wuce gareji.

Juma'a da hantsi kwalin Pereira ya iso. Ban taɓa aiki da sauri haka ba. Kafin rana ta take na sa duka, na mayar da tayoyi, na sauke jak, na shiga ƙasa da sifana zan ɗaure. Sai Yolima ta leƙo ta ce Baba ya farka, yana tambaya ko na ɗaure notuna. Na ce yanzu zan yi. Ta koma, ta dawo da gudu.

"Ya ce kada ka kuskura. Wai motar ba kaya a kai."

Na kwanta a nan ƙasa, kunya ta rufe ni. Ko ɗan koyo ya san wannan. Bushin roba ba a ɗaure shi sai mota ta zauna da nauyin da za ta ɗauka, in ba haka ba robar ta murɗe, ta yi tauri, ta tsage a hanya. Gaggawa ta kusa sa in zubar da kwana huɗun da na ci masa. Mutumin da jiya bai gane ƙanwarsa ba, yau shi ke koya mini sana'ata.

Aka fito da buhunan kofi shida aka jera, aka shimfiɗa katifa a kai. Aka ɗauko shi aka kwantar. Ƙanwarsa Doña Ofelia ta hau, nas ta hau, Yolima ta zauna a mazaunin direba. Wurin da ni zan zauna, mai gidan burodi ya hau ya riƙe mini, don shi ne daidai nauyina. Motar ta sunkuya a kaina a hankali. Ina ɗaurewa ina jin muryarsa ta cikin ƙarfe, siririya, yana cewa kada in matse kamar mai jin haushi.

Muka wuce ƙarshen layi. Ina zaune a gefensa, idona a bakinsa. Muka wuce kasuwa, muka sauka kwalta, muka hau tsakuwa. Fuskarsa ta yamutse sau ɗaya, ta saki. A gada ya buɗe ido ya tambaya ina muke. Na faɗa masa.

"Ta yi," ya ce.

Ban san ko motar yake nufi ba, ban kuma tambaya ba. Daga nan barci ya ɗauke shi, na gaske, har da ɗan minshari. Doña Ofelia ta raɗa mini cewa rabonsa da irin wannan barcin mako uku.

Muka haura Alto a giyar mota ta ɗaya, ruwan da aka yi ya yanyanka hanyar. Hazo ya sauko, ya ɗaga. Muka shiga cikin gonakin kofi, ayaba na goga gefen motar. Saura lanƙwasar hanya biyu a hango rufin gidan La Cristalina, na lura minsharin ya tsaya. Nas ta sa yatsu a wuyansa, ta daɗe, sannan ta dube ni ta girgiza kai. Doña Ofelia ta rufe bakinta da gyale.

Da motar Alhamis ta zo Alhamis, da ya kwana a ɗakin da aka haife shi. Da na sa baƙaƙen ranar Litinin, Allah kaɗai ya sani. Har yau ina juya wannan a raina, kuma ban huce da kaina ba.

Na miƙa hannu ta gaba na taɓa kafaɗar Yolima.

"Yolima..."

"Na sani," ta ce. "Na gani a madubi."

Ba ta tsaya ba, ba ta kuma ƙara wuta ba. Akwai wani rami a gabanmu cike da ruwa. Ta rage gudu, ta karkata sitiyari, ta sa taya ɗaya a kan ciyawar gefe, ta zagaye shi a hankali.