Kwalba Biyu a Taga

Ƙanwata ce ta aiko mini da man shafawa daga Katsina, saboda fatar jaririna Adnan da ke bushewa. Fari ne tas kamar ruwa, ba ƙamshi, ba maiƙo. Kana shafawa fata ta shanye shi, ko ƙyalli ba ya bari. Nan Daudawa har maƙwabta ke zuwa kallonsa.

Ran nan da hantsi na dawo daga rijiya na tarar surukata, Hajiya Safara'u, ta yi wa yaron wanka ta shafe shi, yana barci. Ita ke yi masa wanka tun ran suna, duk da yanar da ta rufe mata ido. Na kai hannu taga, sai na ga kwalba biyu iri ɗaya.

Na tuna jiya maigidana ya roƙi tsohuwar kwalbar man. Wai ragowar maganin ciyawa zai zuba. Duk faɗin gidan nan, mutumin bai ga wurin ajiye guba ba sai tagata!

"Inna, wacce kika ɗauka?"

"Wadda hannuna ya taɓa. Mi ya hwaru?"

Na faɗa mata. Na suri yaron na shinshina shi, ban ji komai ba. Na murza cinyarsa, ba alamar komai. Na tsoma shi cikin ruwa ina cuɗawa da sabulu, yana tsala ihu, ni ma ina yi. Tsoro ya hana ni tunani. Maigida yana gona, asibiti kuma da nisa.

Na waiga na ga Inna tana lasar tafin hannunta, ɗaya bayan ɗaya, har tsakanin yatsu.

"Inna, ki bari!"

"Da su na shahe shi. In guba ce, ta hwara da ni."

Muka zauna a tabarma muna jira. Ina kallon cikin yaron yana hawa da sauka, ita tana jan carbi. Aka kira azahar, aka kira la'asar. Adnan ya kama nono ya sha ya yi gyatsa. Ko ja fatarsa ba ta yi ba.

Washegari na haɗa ruwan wanka na miƙa mata yaron kamar kullum. Ta tura hannuwanta cikin zane.

"Ke wanke abinki, ɗiyata. Ni na gama."