Warin Rigar Sanyi

Hancin Zubaida ne ya fara jawo fitinar, kuma duk wanda ya san ta a Old Trafford, unguwarsu a Manchester, ya san ba a wasa da hancinta. Mace ce da tun daga matakala za ta gaya maka maƙwabta sun ƙona shinkafa. Ranar da 'yarta Inaya ta zo hutun ƙarshen mako daga Birmingham, ta cire rigar sanyi ta rataye a bayan ƙofa, Zubaida ta zo wucewa sai ta tsaya cak. Ta dawo ta kai hanci hannun rigar. Akwai kirfa, akwai kanumfari, a ƙarƙashinsu kuma akwai wani tsami-tsami irin wanda ke dukan mutum idan ya bi ta ƙofar mashaya.

Ba ta ce wa yarinyar uffan ba. Halin Zubaida ke nan, hali mai ban haushi: in abu ya shige ta ba ta tambaya, sai ta zauna ta yi ta dafa shi a ciki. Sai da Inaya ta koma sannan ta tari mijinta Gimba da maganar, yana cikin cin tuwo.

"Baban Inaya, na ji warin giya a rigar yarinyar nan."

Gimba ya ajiye lomarsa. "To ki kira ta ki tambaye ta mana."

"In tambaye ta ta ce min me? Ta ce eh Mama, na sha, akwai daɗi?"

"Ki tambayi Celestina to, ai a hannunta take."

Nan ne ma wajen da ya fi yi mata ciwo. Celestina ƙawarta ce tun makarantar kwana a Zariya, 'yar Zonkwa, Kirista, yanzu nas ce a Birmingham. A kwano ɗaya suka sha garin kwaki. In an yi hutu Celestina a gidansu Zubaida take fara sauka a Tudun Wada, tana kiran uwarsu Inna kamar kowa. Da Inaya ta samu uni, wato jami'a, a can, Zubaida ce da bakinta ta roƙi a ba yarinyar ɗaki a gidan Celestina a Perry Barr, don ba ta yarda da gidajen ɗalibai ba. Celestina ta ce, "Haba Zubi, har sai kin roƙa?" Duk duniya ita kaɗai ke ce mata Zubi.

Amma zargi in ya samu wuri ba ya zama shi kaɗai. Sai Zubaida ta tuna ta taɓa ganin wata doguwar kwalba a kabad ɗin gidan. Ta tuna kwanan nan in ta kira ranar Asabar, Inaya kan ce, "Mum, muna waje da Anti, I'll call you back," ga hayaniya da kiɗa a bayanta. Ana haka sai Chloe, 'yar Celestina, ta saka hoto a waya: su uku a tsaye cikin fitilu, kowa riƙe da kofi yana tururi, abin da ke ciki ja wur. Inaya da hijabinta tana dariya har idonta ya rufe. Zubaida ta buɗe hoton da yatsu biyu har ya dushe, ba ta ga abin da ya kwantar mata da hankali ba. Ta yanke a ranta: za ta je ta gani da idonta, in ta tabbata ranar za ta kwashe kayan 'yarta, zumuncin kuma ya ƙare ke nan.

Asabar na yi ta ce wa Gimba za ta unguwar Balsall Heath a Birmingham sayen kayan ƙamshi, ta hau jirgin ƙasa. Jirgin maƙil da mutane masu jajayen huluna irin na Kirsimeti, kowa da fara'arsa, ita kaɗai ta haɗe rai tana kallon gonaki jiƙaƙƙu ta taga.

Tana fitowa daga tashar New Street kasuwar Kirsimeti ta tare ta. Bukkokin katako ne jere a titi, an lulluɓe su da fitilu tun rana ba ta faɗi ba. Can ana juya sosej masu tsawon kamu a kan wani faffaɗan ƙarfe da ke lilo bisa wuta, nan ana soya gyaɗar Turawa cikin sukari, gaba kuma kyandir da 'yan tsana na itace. A gaskiya wurin ya yi kyau, amma Zubaida ba kyau ta zo gani ba. Wata mata ta miƙo mata ɗan cuku a tsinke ta ɗanɗana, ta ja da baya kamar an miƙo mata kunama. Ta matse jakarta a hammata. Warin nan kuwa na rigar Inaya ga shi ko'ina, yana tashi daga manyan tukwanen da ake dafa jar giya da kirfa da kanumfari, ana sayarwa da zafinta a kofi.

Cunkoso ya yi cunkoso, ba ka tafiya sai dai a tafi da kai. Wani ƙaton Bature ya juyo yana dariya da abokinsa, gwiwar hannunsa ta daki kafaɗarta, rabin kofinsa ya kife mata a ƙirji da hannun riga.

"Oh, sorry, love!"

"A'uzu billahi! Lof ɗin gidanku," in ji Zubaida da Hausa. Ta goge da takarda tana tsaki, ta ci gaba da kutsawa. Ko a ranta ba ta tsaya ta yi tunanin komai ba, idonta na kan neman hijabi a cikin jajayen huluna.

A filin da ke gaban ginin council, majalisar gari, ta hango su, kusa da lilon dawakai na yara. Inaya da Chloe da wasu 'yan uni, Celestina a gefe da babbar jaka a kafaɗa. A kan idonta Celestina ta juya baya, ta yi wani abu a bakin jakar, ta juyo ta miƙa wa Inaya kofi yana tururi. Inaya ta karɓa da hannu biyu, ta hura, ta kai baki.

Zubaida ba ta san lokacin da ta isa wurin ba. Ta fizge kofin ta watsar da abin da ke ciki a ƙasa, jan ruwa ya bi tsakanin duwatsu.

"Mum! Me kike yi a nan?"

Ko kallon Inaya ba ta yi ba, sai ta fuskanci Celestina.

"Amanar ke nan? Na ba ki yarinya ki riƙe min, kin kawo ta kasuwa kina ɗura mata abin da kuke sha? Ba laifinki ba ne, laifina ne. Ni na manta ku ba irinmu ba ne."

Celestina ta daɗe tana kallonta. Murmushin da ta fara yi da ta ga ƙawarta bai gama barin fuskarta ba tukuna, abin tausayi.

"Mu su wa?" ta tambaya a hankali.

Celestina ta sa hannu a jaka ta fito da fulas, ta buɗe, ta tsiyaya a murfin ta miƙo mata.

"Sha."

Ai da Zubaida ta karɓa ta kurɓa kawai, da wataƙila an samu abin gyarawa. Ina! Sai da ta kai hanci ta shinshina, a gaban Celestina, matar da suka yi shekaru suna cin abinci da cokali ɗaya. Celestina ta ga wannan ma, ta kawar da kai.

Zoɓo ne. Zoɓo mai zafi, da citta da kanumfari da ɓawon abarba, an ɗan sa kirfa. Kurɓa ɗaya ta mayar da Zubaida tsakar gidansu a Tudun Wada, Inna na tace shi da farin ƙyalle, su biyu suna tsugune suna jiran a ba su na ɗanɗano.

"Na Inna ne, ita ta koya min," in ji Celestina. "Kirfar ce kawai tawa. Zuwan farko yarinyar nan ta tsaya hannu sake cikin 'yan ajinsu, kowa na ce mata just a sip, just a sip, ta dawo gida ranta a ɓace. Shi ne na ce ba za a hana ta ganin gari ba, ba kuma za a takura mata ba. Nake dafa wannan, in zuba a kofunan da muka ajiye tun bara. In tana riƙe da nata ba mai damunta. Ni ma shi nake sha, Chloe ma haka."

"Kin biyo ni ne?" Inaya ta ce, da Hausarta mai karkacewa, idonta ya cika. "Tun daga Manchester? Mum, you could've just asked."

Kunya ta rufe Zubaida, irin wadda mutum ke jin da ma ƙasa ta tsage. 'Yan uni sun ja gefe suna kallon takalmansu. Ta riƙe murfin fulas ɗin, ta rasa inda za ta ajiye shi.

"Tina, ki yi haƙuri, wallahi hankalina ne ya tashi, warin da na ji a rigarta ne..."

Celestina ta karɓi murfin, ta girgiza shi, ta rufe fulas ɗinta.

"Inaya 'yata ce, ɗakinta na nan har ta gama karatu, in kin bar ta. Wannan ba don ke ba ne." Ta gyara jakarta. "Yamma na yi, jiragen za su cika. Allah ya kiyaye hanya, Hajiya."

Hajiya. Da ta zage ta da ya fi sauƙi. Inaya ta kama hannun Celestina suka shige cikin mutane, ba wadda ta waiwayo.

A jirgin komawa Zubaida ba ta ga gonaki ba, ba ta ga komai ba. Ta isa gida Gimba na falo ya idar da sallar isha. Ta yi sallama, ta fara kwance maɓallan rigar sanyinta, sai ya ɗago kai yana jan hanci.

"Maman Inaya, wannan wane irin wari ne? Kamar na giya fa."

Sai a lokacin ta dubi ƙirjinta. Tabon na nan, ya bushe ya yi duhu, ga kirfa, ga kanumfari, ga tsamin nan a ƙarƙashi, sak wanda ta ji a rigar Inaya.

"Wani ne ya bangaje ni a kasuwa, kofinsa ya zube min," ta ce.

"Ayya, sannu. Kawo a jiƙa kafin ya kama."

Shi ke nan. Bai ƙara tambaya ba, bai sake kallonta ba, ya miƙo hannu yana jiran rigar. Zubaida ta zauna a kan matakala da rigar a cinyarta, kuka ya ƙwace mata.